Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Keken da Ya Sha Ƙura

Makon jiya na tsaya ne a inda aka sallame mu daga aiki, aka ba kowa ɗan abin sallamarsa. Wasunku sun tambaya me ya hana ni fara ɗinki nan take, tunda na iya, keke kuma ga shi na saya. Baffa ne ya hana ni, ko da yake bai taɓa cewa kada in yi ba.

Da labarin keken ya kai masa, aikowa ya yi a kira ni. Ban ma gama gaishe shi ba ya ce, "Ke 'yar nan, hannun gidanmu ba ya riƙe kasuwa. Ubanki da ya fi ki wayo ya gwada, kin ga yadda ta ƙare." Na ce, "To Baffa, Allah Ya huci zuciyarku." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Kun san labarin karyewar Baba, ba sai na maimaita ba. Ina yarinya a lokacin, amma na ga yadda masu cika ƙofar gidanmu da sassafe suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda Baba ya koma fita da duhu ya dawo da duhu don kada ya haɗu da kowa. Shi ya sa maganar Baffa ta zauna mini daram. Abin da nake raya wa kaina cikin dare ne ya fito ya faɗa da rana.

Keken ya zauna a kuryar ɗaki a lulluɓe. Kullum da uzurina: bari in ƙara gogewa a yanka, bari yara su gama jarrabawa, bari jikina ya yi daɗi. Ina tsoron in sa almakashi a yadin mutum in ɓata masa. Ina tsoron in buɗe, rana ta fito ta faɗi ba wanda ya leƙo. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar da za a taru a ce, ai dama mun faɗa.

Inna ce ta gaji da ni. Allah Ya jiƙan Inna, ba ta iya rarrashi ba. Ta zo ta yaye lulluɓin, ta shafa yatsa a kan keken ta nuna mini ƙurar, ta ce, "Tsoro na daji, kunya na gida. Ke naki duk na gida ne. Zauna ki faɗa mini, idan abin nan ya lalace ƙurmus, me da me za ki rasa?" Na fara kame-kame, ta ce a'a, ɗauko biro.

Na rubuta. Keke, wanda ko an faɗi ana iya sayar da shi a rage asara. Zare, allura, ɗan yadin gwaji. Watannin da zan ɓata. Haya babu, tunda a ɗakina zan fara. Bashi babu, domin Inna ta rantse ba zan fara da kuɗin kowa ba. Sai ta sa na raba kuɗin sallamar gida biyu: kashi ɗaya na cefanen wasu watanni, ba a taɓa shi ko me ya faru, ɗayan kuma shi ne jari, wanda ko ya narke duka ba zan sayar da komai nawa ba, ba zan je ƙofar kowa roƙo ba. Da na dubi takardar, sai na ga asarar tana da iyaka. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa auna ta ba, jin nauyinta kawai nake yi.

Shekaru da yawa bayan haka, 'yata ta fari, mai karatun tattalin arziki, ta ba ni labarin wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky. A 1979 suka nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa ƙarfi a zuciyar mutum, daga baya ma suka ƙiyasta ya kai wajen ninki biyu. Kahneman har kyautar Nobel ya samu a 2002. Ta kuma ce a ƙididdigar hukumar ƙwadago ta Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na sababbin sana'o'i kan rufe a shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara biyar. Na daɗe ina juya wannan magana. Masu sana'o'in nan ba su san Baba ba, ba su haɗa jini da mu ba, kuma suna faɗuwa. Huɗu cikin biyar kuwa suna tsallake shekarar farko, wannan ne ba wanda ya taɓa gaya mini a ɗakin Baffa.

Na fara da kayan makarantar ɗan maƙwabciya. Sai da na sake awo har yaron ya ƙosa, hannuna na rawa na yanka. Ya yi masa daidai, uwarsa ta kawo na ƙanensa. Ban ɗinka komai na ajiye ina jiran mai saye ba, sai wanda aka kawo. Kowa ya zo sai ya ba da kafin alƙalami da zai ɗauke kuɗin kayan aiki, sauran in ya zo karɓa. Na yanka wa kaina albashi ƙarami, uwar kuɗi kuma ban yarda ta shiga cefane ba. Komai a littafi, har maɓalli. Tsoron bai tafi ba, har yau in aka kawo yadi mai tsada sai gabana ya faɗi kafin in yanka, amma ya daina hana ni zama a kan keke.

Wai hannun gidanmu ba ya riƙe kasuwa. Bayan rasuwar Inna, muna kwashe kayan akwatinta, na tsinci littafin bashin Baba. Na zauna na karanta shi shafi-shafi ina kuka. Baba yana ciniki sosai, lissafin ya nuna. Abin da ya karya shi kaya ne da 'yan uwa suka ɗiba da sunan za a kawo, shi kuma kunya ta hana shi tambaya, har jarin ya ƙare a hannun mutane. Sunan Baffa yana shafuka da dama, kuma ba ko ɗaya da aka soke. Mutumin da ya zaunar da ni yana ba ni labarin karyewar ubana! Ban taɓa tunkararsa da maganar ba har ya bar duniya, kuma na yafe masa, amma ba zan rubuta tarihina in ɓoye wannan ba.

Tun ma kafin in ga littafin, matar Baffa ta taɓa aiko da yadi a ɗinka wa 'ya'yanta, wai za a aiko da kuɗin daga baya. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe ta da kyau, ya ce mata ƙa'idar ɗinkina kafin alƙalami ne ga kowa. Kafin dare maganar ta zagaye dangi, wai na samu sana'a na yar da zumunci. Gwaggo har gida ta tako a kan wannan, kuma abin da Inna ta faɗa mata a tsakar gida shi zan fara da shi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.