Tagar da na huda kusa da hita

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin motar aiki, na bar kamfanin gyaran injinan ɗumama gida da na yi shekara 6 a cikinsa a Kolombos, jihar Ohayo. Abokan da muka sha rarrafe tare a ƙarƙashin rufi sun ce in rubuta wa masu tasowa wani abu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi zan fara faɗa.

A shekarata ta biyu, tsakiyar Janairu, aka tura ni da oga wani tsohon gida. Injin ɗumama gidan yana ta kashe kansa saboda zafi, domin iskar da ke koma masa ba ta isa, taga ɗaya tak ce ke zuƙo ta daga falo. Gyaran gaskiya shi ne a ja sabon bututu har bene, aikin yini guda. Oga ya dubi agogo, ya ƙwanƙwasa jikin babban bututun da ke mayar da iska, dab da injin, ya ce, "Huda nan, ka ɗaura raga, mu wuce."

Inda injin yake ɗaki ne a ƙarƙashin gidan, ɗan tsukuku, mai ƙofa a rufe. A gefe kuwa ga hitar ruwa mai gas, irin wadda bakin bututun hayaƙinta ke buɗe a samanta kamar malafa. Tsakaninta da inda ya nuna bai kai ƙafa 4 ba. Kuma na san doka, na karanta ta a ajin dare: ba a buɗe tagar zuƙar iska kusa da irin wannan baki a ɗaki ɗaya sai da tazarar ƙafa 10, kusan mita 3. Na sani, na yi shiru. Baƙo ne ni, ina neman sa hannunsa a takardun koyon aiki, sai na ɗauki almakashin kwano na yanka.

Injin ya daina kashe kansa, matar gidan har godiya ta yi mana. Amma duk lokacin da fankar injin ta tashi, iskar wannan ɗan ɗaki take janyewa. Ɗakin sai ya nemi ciko daga duk wata kafa, kafar da ta fi kusa kuwa ita ce bututun hayaƙin hita. Hayaƙin da ya kamata ya fita ta rufi sai ya juyo ƙasa, ya bi ta ramin da na huda, fanka ta raba shi ɗaki-ɗaki. Kabon monoksaid, iskar gubar da ke cikin wannan hayaƙi, ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a gida idan aka kwana da janareta a soro ko a baranda a rufe.

Kwana 9 bayan nan, cikin dare, na'urar gargaɗin kabon monoksaid ta gidan ta yi ƙara. 'Yan kwana-kwana suka fitar da matar da 'ya'yanta biyu cikin dusar ƙanƙara. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma ƙaramar ta yi kwanaki tana kukan ciwon kai babu wanda ya gane dalili. Da na koma da safe na tarar robobin da ke zagaye da famfuna a saman hitar sun narke sun lanƙwashe. Na kunna ashana, na hure ta, na kai ta bakin bututun. Hayaƙin bai hau ba, fuskata ya nufo.

Ina tsaye a wurin oga ya gaya wa matar cewa sabon yaronsa ne ya yi gaban kansa. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Nawa ɗin ban musa ba, hannuna ne ya yanka. Amma umarnin daga bakin wa ya fito?

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ka zuƙi iska daga kicin, banɗaki ko gareji, wari da hayaƙin mota za ka watsa wa gida. Kada tagar zuƙa ta zauna kusa da mai busowa, iskar za ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, ɗakin bai ji komai ba. Ɗakin kwanan da ake rufewa, a yi masa tasa tagar, ko a bar wa iska hanyar fita. Bene a lokacin zafi yana son taga a sama, tunda can iska mai zafi ke taruwa. Ka kuma gaya wa masu gida kada su jingina kujera a kanta.

A ranar Asabar ɗin makon da na'urar ta yi ƙara na koma gidan ni kaɗai, na toshe ramin, na ja bututun har bene, kayan ma da kuɗina na saya. Matar ta tsaya a bakin matakala tana kallona har na gama, ba ta ce mini uffan ba. Na ƙara shekara 4 tare da mutumin nan, kuma har ranar da na miƙa makulli bai taɓa ɗaga waya ya gaya mata wanda ya ce a huda ba.