Godiya bayan jinyar ciwon ɓarin kai

Alhamdulillahi. 'Yan uwa na Damagaram da na nesa, kun san halin da na shiga, ba sai na maimaita ba. Na samu sauƙi har na koma bakin aiki, ko da yake jiki da saura. Waɗanda ban amsa saƙonninsu na WhatsApp ba su yi haƙuri, a lokacin ko hasken waya ba na iya kallo.

Likita ya ce idan kai na ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har ya wuce wata 3, ciwon ya zama mai naci, kuma shan parasetamol kullum ƙara rura shi yake yi. Ya rubuta mini maganin rigakafi, ya haɗa ni da mai kine, wato ma'aikaciyar lafiya mai tausa da motsa gaɓoɓi, ya ce tausa taimako ce, ba ta maye gurbin magani.

Ita wannan baiwar Allah ban san da bakin da zan gode mata ba. Ranar farko da ta sa yatsunta a ƙeyata, daidai inda wuya ya haɗu da ƙoƙon kai, ta danna, sai na ji ciwon ya harba har bayan idona na dama. Na tsorata, na fara salati. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Hajiya, ja numfashi a hankali, naman wurin ne ya ɗaure, zai saki." Ya kuwa saki. Daga baya ta bi kafaɗu da muƙamuƙi, ashe cije haƙora nake yi cikin barci. Kuma duk ranar da zan zo, ba ta shafa turare, don ƙamshi na tayar mini da ciwon.

Gwaggo ta Birni, na san ba kya son a ambace ki, amma sai na faɗa: ke kika riƙe mini yara. Maƙwabciyata da ta daina turaren wuta saboda ni, ga ta amarya! Ɗan kabu-kabun da ke lallaɓawa da ni a kan ramuka daga Zango. Baban yara, da ya jure ɗaki mai duhu da gida shiru. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da ciwon da ba a gani a fuska, Ya ba duk marasa lafiya lafiya.

Waɗanda suka ce ai ciwon kai ne kawai, ko leƙowa ba su yi ba alhali muna gari ɗaya, na gode su ma. Gidan dai yana nan inda kuka san shi.