Abin da ɗakin awon mata ya koya min game da kitse da PCOS

Lokacin da muke makarantar koyon jinya abin da aka cusa mana a kai game da PCOS, wato polycystic ovary syndrome a Turance, gajere ne, matsalar ƙwan mace ce, al'ada ba ta zuwa kan lokaci, ciki na wahalar shiga, shi ke nan a wuce darasi na gaba. Sai da na fara aiki a ɗakin mata a nan Katsina na gane cewa rabin labarin ma ba a mahaifa yake ba, a kitsen ciki da sukarin jini yake.

Kitse fa ba ajiya ba ne kawai da ke zaune shiru. Yana fitar da sinadarai cikin jini kamar sauran gaɓɓai. Guda biyu na fi riƙewa. Akwai leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa jiki na da isasshen tanadi a rage ci. In kitse ya yi yawa leftin ma sai ya yi yawa, har ƙwaƙwalwa ta daina jin kiransa, kamar mai gida a bakin tasha da ya saba da hon ɗin mota. Sai kuma adifonektin, shi aikinsa taimaka wa insulin ya shigar da sukari cikin tsoka, kuma abin mamaki shi raguwa yake yi in kitsen ciki ya ƙaru. Mata masu PCOS galibi nasu a ƙasa yake.

Toh daga nan ne rikicin ke tashi. Jiki ya ƙi sauraren insulin, sai a riƙa fitar da shi da yawa don a danne sukari, shi kuma insulin mai yawa sai ya zuga ƙwan mace ya ƙara yin testosteron, wato sinadarin maza, ya kuma sa hanta ta rage furotin ɗin da ke ɗaure testosteron ɗin a jini, to kin ga ya samu sake kenan. Shi ne gashi a haɓa, ƙurajen fuska da ba sa jin magani, ƙwai ya kasa nuna ya fito, al'ada ta yi wata uku huɗu ba labari. Kuma testosteron ɗin ya sake tura kitse zuwa ciki, abu ya yi ta zagaye.

Shi ya sa yanzu kafin in duba takardar sikanin, wuya nake fara kallo. Wannan baƙin da ke kwanciya a bayan wuya da hammata mai kauri-kauri, wlh mata da yawa sun ɗauka dauɗa ce, su yi ta dirza da soso, wasu su bi shi da man bilicin. Alama ce ta insulin ya yi yawa. In na ce "Hajiya, an taɓa gwada miki sukari?" sai ta ce "Sista ni fa haihuwa na zo nema, me ya haɗa ni da ciwon suga." Ai kuwa akwai haɗi, haɗarin ciwon suga ya fi yawa gare su, har da wanda ke tasowa lokacin goyon ciki, ga kitse a hanta. Gwajin da ya fi kamawa shi ne wanda ake ba da ruwan gulukos giram 75 a sake ɗibar jini bayan awa 2.

Sikanin shi kaɗai ma bai isa a yanke hukunci ba. Ƙa'idar da aka tsayar a taron Rotterdam a 2003 ta ce sai an samu biyu cikin uku: rikicewar fitar ƙwai, alamun yawan sinadarin maza, ko 'yan ƙananan ƙullutai masu yawa a ƙwan. Kuma siririyar mace ma tana iya samu, na gansu ba ɗaya ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sha-ka-fashe. Yarinya za a yi mata aure, ƙawaye su ce ta rame, a haɗa mata ƙwayoyin ƙiba, wasu da desametason a ciki, maganin da shi kansa ke ɗaga sukari ya tara kitse a ciki. In dama tana da PCOS a ɓoye an ƙara mata wahala, bayan shekara biyu kuma uwar miji ta fara maganar kishiya.

Maganar rage ƙiba kuwa na daina faɗinta da gatse. Ragin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan iya dawo da al'ada, wato mai kilo 90 ta sauke huɗu da rabi zuwa tara, ba sai ta koma kamar budurwa ba. Sai mu zauna mu duba kwanonta, lemun kwalba ya fita, sukarin fura da koko a rage, tuwon shinkafa da taliya su ba wake da kwaɗon zogale wuri, tafiya da sauri bayan la'asar ko da a tsakar gida ne in fita na da wuya. Likita na iya ƙara metfomin, maganin suga, mai neman ciki kuma letirozol, maganin da ke sa ƙwai ya fito, ake fara ba ta yanzu. Wadda ba ta neman ciki ma kada ta ce hutu ta samu don al'ada ta ɗauke, in ta wuce wata 3 ta zo a duba ta, don bangon mahaifa na ta kauri ne a ciki.