Daga aji zuwa gidan tsohuwa: yadda na sami takardar kula da marasa ƙarfi a New York

A unguwar Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa, da wuya ki je suna ko biki ba ki tarar da mata biyu-uku masu aikin kula da tsofaffi a gidajensu ba. Ni ma ta nan na shigo. Mafi yawan kuɗin aikin daga Medicaid yake fitowa, wato asusun lafiya na gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, gwamnati ba wahalarki take biya ba. Abin da aka rubuta take biya, a lokacin da na'ura ta shaida.

Takardun shaida iri biyu ne. Ta PCA, wato mai taimaka wa mutum da hidimar jikinsa, awa 40 ake yi a aji, ana koyon wanka, sa tufafi, ciyarwa, kai mutum bayi da gyaran ɗakinsa. Ta HHA, wato mai taimakon jinya a gida, awa 75 ce, 16 daga ciki aiki ne da hannu a gaban nas, kuma ta ƙunshi auna zafin jiki da bugun jini. Idan kina da hali, 'yar'uwa, ki nufi HHA kai tsaye, don mai ita tana iya karɓar aikin PCA, amma mai PCA ba ta iya karɓar na HHA. Kamfanonin da ke tura ma'aikata gidaje da yawa suna koyarwa kyauta idan za ki yi musu aiki. Kafin ki ba kowace makaranta ko sisi, ki tabbatar Ma'aikatar Lafiya ko ta Ilimi ta jihar ta amince da ita, domin makarantar da aka amince da ita ce kaɗai za ta iya sa sunanki a rajistar ma'aikatan kula da marasa lafiya a gida. Kamfani rajistar yake dubawa, ba takarda mai ado da ke hannunki ba.

Gwajin lafiya ne ya fi cin lokacina, ba karatun ba. Ana son shaidar kariya daga ƙyanda da rubella, ga gwajin tarin fuka. Yawancinmu katin rigakafinmu na yarinta ya daɗe da ɓata, to sai a ɗebi jini a duba ko kariyar tana nan. In babu, a yi miki allura. Tarin fuka kuwa, mu da aka yi wa allurar BCG muna jarirai, mai barin tabo a dantse, gwajin fata yana iya kumbura ko da lafiyarmu ƙalau. Ki nemi gwajin jini tun farko, BCG ba ta ruɗa shi. Sai ɗaukar zanen yatsu don binciken laifi, wanda kamfani ne ke shirya shi. A nan rubutun suna yake kayar da mutane: Aishatu a fasfo, Aisha a katin izinin aiki, wani rubutun dabam a takardar makaranta. Harafi ɗaya sai ya tsayar da fayil makonni. Ki zaɓi yadda yake a katin gwamnati ki riƙe shi ko'ina.

Ranar farko a gidan mara lafiya, ki nemi takardar tsarin kulawa da nas ta rubuta. Galibi tana manne a jikin firij. Ita ce iyakarki. Iyali za su roƙe ki abin da ba ya ciki, kuma idan naki ne, masu yarenki, nauyin ya fi yawa. 'Yar Hajiya za ta ce, "Anti, don Allah ki yi mata allurar sukarin, na makara," ko ki yanke mata farce, ko ki ɗora tukunyar gida gaba ɗaya. Allura ba aikinki ba ce. Farcen mai ciwon sukari ba a taɓa shi, don ɗan yanka a yatsan ƙafa yana iya zama gyambon da ba ya warkewa. Magani kuwa tunatarwa ce taki, ba ke ke yanke adadi ba. Ni dai amsata ɗaya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, bari in kira nas." Sai in kira ta a gabansu, kowa ya ji da kunnensa.

Ɗaga mutum daga gado zuwa keken guragu ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan bayan ma'aikaciya yake lalacewa, a nan kuma tsofaffi suke faɗuwa. Ki ajiye keken a ɓangaren da jikinsa ya fi ƙarfi, ki danne birki biyun, ki ɗage matakan ƙafa. Ki zaunar da shi a bakin gado, tafin ƙafarsa a ƙasa cikin takalmin da ba ya santsi, ki bar shi ya ɗan huta, don jiri yana ɗibar tsoho idan ya tashi da sauri. Ki riƙe ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu, kada ki ja shi ta hammata, kada kuma ki yarda ya rataya a wuyanki. Gwiwarki za ki lanƙwasa, ba bayanki ba. "Baba, zan ƙirga uku, sai mu tashi tare." Idan ya sulale, kada ki yi kokawar tsayar da shi, ki bi shi a hankali har ƙasa, ki kare kansa, ki kira ofis. Ko bai ji ciwo ba, a rubuta.

Sai agogo. Wata dokar tarayya ta 2016 ta wajabta tantance kowace ziyara ta na'ura, abin da ake kira EVV, kuma New York ta fara aiki da ita a kan irin aikinmu a Janairun 2021. Za ki buga shiga da fita ta wayar gidan mara lafiyar ko ta manhaja mai nuna inda kike. Na'urar tana riƙe wa aka yi wa aiki, wa ya yi, wane aiki, a ina, yaushe aka fara, yaushe aka gama. Idan kin manta buga fita, awannin suna rataye har sai an cike takarda an sa hannu. Idan an kwantar da mara lafiyar a asibiti, ba ki da awa ko ɗaya a ranar, ko da kin wuni a gefen gadonsa. Buga wa wata shiga alhali ba ta zo ba zamba ce ga Medicaid, tana iya raba ku biyun da aikin gaba ɗaya.

Mafi ƙarancin albashin wannan aiki a birnin New York ya kai dala 19.10 a awa a 2025. Amma aikin kwana na awa 24, awa 13 kawai ake biya, bisa sharaɗin kin sami barcin awa 8, biyar daga ciki ba tashi, da awa 3 na cin abinci. Babbar kotun jihar ta tabbatar da wannan tsari a 2019. A ganina tsarin ya yi wa mata nauyi, musamman a gidan mai ciwon mantuwa da ke tashi sau huɗu a dare. Ki ajiye ɗan littafi, ki rubuta duk tashin da kika yi da ƙarfe nawa ne, ki sanar da kamfani washegari, don idan sharaɗin bai cika ba haƙƙinki ya wuce awa 13.

Takardar ma tana son kiwo: awa 12 na ƙarin horo duk shekara ga HHA, 6 ga PCA. Wadda ta yi wata 24 a jere ba ta yi aikin HHA ba, takardarta ta faɗi. Masu tafiya gida su daɗe su lura da wannan.

Mai son kula da mahaifiyarta kawai ba ta buƙatar takarda, akwai shirin CDPAP, inda mara lafiya ke zaɓar mai kula da shi da kansa, wanda tun Afrilun 2025 kamfani ɗaya, PPL, yake riƙe da biyan albashinsa. Sai dai mata ba ta iya zama ma'aikaciyar mijinta. Mai burin buɗe kamfaninta kuwa lasisin LHCSA, na kamfanin kula da marasa lafiya a gida, za ta nema. Tun 2020 sai an nuna akwai buƙatar sabon kamfani, kuma gundumar da ke da kamfanoni biyar masu aiki ana ɗaukar ta a matsayin wadda ta wadatu, Bronx kuwa ta wuce biyar nesa ba kusa ba.