Kafin a zargi kwamfuta, a fara duba waya

Kiran da ya fi shigo min tunda na fara wannan sana'ar shi ne, Injiniya don Allah ka zo, kwamfuta ɗaya ta daina ganin netwok, sauran duk suna aiki. Kafin in ƙaraso kuwa an riga an yanke hukunci, wani ya ce bairos ne, wani ya ce a sake loda Windows, wani har ya fara maganar sayen sabon suwic, wato akwatin da kebul ɗin duk kwamfutocin ke haɗuwa a jikinsa. Ni in na shiga ko kibod ba na taɓawa tukuna, durƙusawa nake in leƙa bayan kwamfutar wajen ramin da kebul ke shiga in ga ko 'yar fitilar nan tana ci, sannan in je wajen suwic in duba fitilar ramin da layin ya faɗa. Wannan 'yar fitilar ita ke gaya maka ko na'urorin biyu sun ji juna ta waya. In ba ta kama ba, galibi ko kwana ka yi kana danne-danne a setin ba abin da zai motsa, sai dai in an kashe katin netwok ɗin ne daga cikin kwamfutar ko an rufe ramin daga suwic, su ma duba su bai kai minti biyu ba.

Wannan ɗabi'ar a wajen maigidana na ɗauko ta, Allah ya saka masa da alheri. Lokacin ina yaron shago akwai ranar da na ɓata kusan awa uku ina cire direba, wato manhajar da ke sa katin netwok aiki, ina mayarwa, gumi duk ya jiƙa min riga, ya zo ya tsaya a kaina bai ce komai ba, ya sa yatsa ya tura kan kebul ɗin ciki, muka ji ƙas, fitila ta kama. 'Yar robar nan mai riƙe kan ce ta karye, kebul ɗin ya zamo waje kaɗan yadda ido ba zai gane ba. Abin da kawai ya ce min shi ne, yaro, waya tukuna. Har yau haka nake gaya wa yarana.

Abubuwa uku ne dai a tsakani, kwamfuta, kebul, da ramin suwic, kuma ɗaya bayan ɗaya ake canza su, in ka canza biyu lokaci guda ko ya gyaru ba ka san mai laifin ba, gobe za a sake kiranka. Akwai wani gajeren kebul a jakata da na tabbatar da lafiyarsa, ba na ba da aronsa ko ga wa. Da shi nake fara gwadawa, sai in matsar da layin zuwa ramin da na ga wata kwamfutar na aiki a kai, in duk bai yi ba in jona laftof ɗina a layin. In tawa ta kama, to matsalar na jikin kwamfutarsu. In ita ma ta ƙi, shikenan mun koma kan waya, kuma gaskiya nan ne muka fi ƙarewa.

Toh a nan ne fa sana'ar take. Kebul ɗin nan da mutane ke gani kamar igiya kawai, wayoyi 8 ne a cikinsa, an murɗe su bibbiyu sun zama tagwaye 4, kuma murɗin ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke shiga daga waje da wadda wayoyin ke watsa wa juna. In za ka matsa kan RJ45, wato robar ƙarshen kebul da ke shiga rami, akwai jeri biyu da aka yarda da su, T568A da T568B, mu B muke bi: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, bulu, fari mai ratsin bulu, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka lura kore bai bi ɗan uwansa kai tsaye ba, an raba su ɗaya a na 3 ɗaya a na 6, bulu sun shiga tsakiya. Kuma kar ka warware murɗin fiye da milimita 13 wajen kan, rigar kebul ɗin ta shiga ciki yadda filaya za ta danne ta, kowace waya ta kai ƙarshe har ka hango jan ƙarfenta ta gaban robar. Maigidana sai da ya sa na matsa kai ya fi a ƙirga, in matsa ya ɗaga sama ya kalla a haske ya datse da almakashi ya ce sake, babban yatsana har kanta ya yi wajen miƙar da wayoyi. A lokacin haushi nake ji, yanzu kuwa ko ido a rufe hannuna ya san jerin.

Abin da ke ci min rai shi ne masu shigowa sana'ar nan da rana tsaka, mutum ya sayi filaya yau gobe ya fara karɓar aiki yana karya kuɗi. Wani ofis da aka kira mu, kwamfutar da ke can ƙuryar ƙarshe ce take kamawa tana saki, fitila ta ci ta mutu ta ci ta mutu. Na sa ƙaramar testa, wato na'urar gwada kebul, ta nuna 1 zuwa 8 duk daidai, manajan ya ce ka gani ko Injiniya, ai na gaya maka ba waya ba ce. Na ce ranka ya daɗe ka ba ni minti biyar. Na ɗaga kan a haske sai ga shi wanda ya yi aikin ya jera tagwayen ne kusa da kusa, lemo biyu, kore biyu, bulu biyu, haka a duka ɓangarorin. Ƙaramar testa ba ta kama wannan don ita dai burinta wuta ta tashi daga 1 ta sauka a 1, amma na 3 da na 6 da ya kamata su zama tagwaye guda sun fito daga murɗi daban-daban, a gajeren kebul sai ya lallaɓa ya yi aiki, da ya yi tsawo sai hayaniya ta cinye saƙon. Na datse kawunan biyu na sake matsawa, fitila ta tsaya cak. Watanni suna zargin kwamfutar, har sun canza mata katin netwok a banza.

Sai kuma maganar kebul ɗin kansa, wadda in na fara ba na son tsayawa. Akwai wanda ake kira CCA, alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama, a kwali kuma a rubuta Cat6 da manyan baƙaƙe. Yana da arha shi ya sa kwastoma ke ce maka wane ya ce zai yi min a rabin kuɗinka. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, ga saurin karyewa, ka lanƙwasa shi sau biyu uku ya tsinke a cikin riga ba ka gani ba, in kuma layin na kai wa kyamara ko na'urar wayales wuta ta cikin kebul ɗin, abin da ake kira PoE, sai ya riƙa ɗumi wutar tana raguwa a hanya. Ni duk kwalin da aka kawo min sai na fere waya ɗaya na kankare ta da wuƙa, in fari ya leƙo daga ƙasa a mayar wa mai shi. Akwai dilan da ya taɓa haɗa min da irinsa a cikin kaya, mun ja layi cikin silin mun gama mun rufe, dole muka zare duka muka sake da kuɗin aljihuna, don ba zan bar sunana a kan wannan ba. Daga ranar ban ƙara sayen ko kai ɗaya a hannunsa ba.

Wani lokacin kuma layin bai mutu ba, rauni ya yi. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, na 1, 2, 3 da 6, shi kuwa gigabit, wato megabit 1000, sai duka takwas ɗin sun cika. Saboda haka in ka ga kwamfuta da suwic duk masu gigabit ne amma sun daidaita a kan 100, ka nemi wayar da ta tsinke ko ba ta taɓa ba a cikin bulu ko ruwan ƙasa. Na sha samun wannan a inda ƙafar kujera ta daɗe tana taka kebul, ko ƙofa tana matse shi, ko ɓera ya ɗan ciza a silin. Tsawo ma haka, ƙa'ida mita 100 ce gaba ɗaya, 90 a bango sauran 10 na gajerun da ke jonawa, wanda ya ja maka fiye da haka ba tare da ya sa wani suwic a tsakiya ko ya koma faiba, kebul mai aika saƙo da haske, ba, caca ya yi da kuɗinka.

In fitila na ci lafiya lau amma ba netwok, sai a lokacin nake zama a kujera. In buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfutar a netwok, in na ga adireshin ya fara da 169.254 na san kwamfutar ta nemi adireshi wajen DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ba wanda ya amsa mata sai ta raɗa wa kanta, daga nan sai in duba ko rauta na raye, ko wani ya taɓa sa mata adireshi da hannu ya manta, ko ramin suwic ɗin an jefa shi wani VLAN daban, wato wani rukunin netwok da aka ware, in suwic ɗin mai setin ne. In adireshi ya fito daidai in yi ping zuwa rauta, wato in tura mata ɗan saƙon gwaji, in ga ko saƙo na dawowa ba ya zubewa. Wannan ɓangaren ba ya ɗaukar lokaci in dai ka riga ka wanke waya daga zargi.

Mu a wajenmu duk layin da muka ja sai an gwada shi an manna masa lamba a kai biyun, lambar da ke bango ita ce a jikin suwic, don ranar da abu ya faru ko ba mu ne muka zo ba kar a tsaya ana jan wayoyi ana tambayar wanne ne wanne. Kwastoma da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, wani har cewa yake a bar lambar a rage masa wani abu, ni kuma ba na bari. Manajan nan na ofishin da na faɗa, bayan mun gyara masa layin ƙurya, shi da kansa ya ce mu bi sauran ɗaya bayan ɗaya, muka samu wasu uku da irin wancan jerin, muka datse muka sake matsa su muka bi duka da lamba kafin a tashi aiki.