Maganin nano da zafin Maradi

Jama'a kwanan nan nano ta cika WhatsApp, masu tallar maganin ƙarfi da shayin rage tumbi duk sun liƙa ta a kwalabensu, to tunda aikin farmasi nake bari in faɗi abin da yake na gaske a ciki. Nanomita awo ne, ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashin kai yana kai wajen nanomita 80,000 a kauri, su kuma ƙananan ƙwayoyin maganin nano da ake magana yawanci wajen nanomita 100 ne. Kun ga ba abin da za a dama a bokiti a bayan tasha ba ne.

Matsalar da ake son magancewa tsohuwa ce, magani in ya shiga jini bai san inda ciwon yake ba, ko'ina zuwa yake. Ga doxorubicin, wani jan maganin kansa mai ƙarfi, yana kashe ƙwayoyin ciwon amma yana cin zuciya, har akwai iyakar da mutum zai karɓa a duk rayuwarsa. Sai masana suka ce a ƙulle shi, kamar yadda mai tebur ke ƙulla man gyaɗa a leda, sai dai ledar nan ta kitse ce irin wanda ke lulluɓe da ƙwayoyin jikinmu, ana ce mata liposom. Wani Bature Alec Bangham ya fara bayaninta a Ingila a shekarun 1960, amma sai 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato doxorubicin a ƙulle, da farko ma don kansar fata ta Kaposi da ke kama masu sida. Illar zuciya ta ragu sosai. Sai dai ba a rasa nono a ruga, wata illar ta ɓullo, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi zafi har su sale.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina dai AmBisome ne. Asalin maganin amphotericin B ne, tsohon magani mai aiki amma mugu, mara lafiya ya yi ta makyarkyata da zazzaɓi ana cikin ƙara masa ruwan, ƙoda kuma ta sha wahala. Shi ake ba masu wani irin sanƙarau na fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, da ke kama mutanen da sida ta ci ƙarfinsu, da masu kala-azar, wata cutar zazzaɓi mai kumbura saifa. Da aka ƙulle shi a liposom sai jiki ya iya ɗaukar mai yawa lokaci guda ƙoda ba ta lalace ba, har aka yi gwaji a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabwe, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi sau ɗaya tak, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin mutum, sai a ci gaba da ƙwayoyin haɗiya. Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti, ya kwana kan tabarma a baranda yana jiran ordinans ta gobe, ya san me ake nufi da a ce ruwan kwana bakwai ya koma na rana ɗaya.

Allurar korona ta Pfizer da Moderna ma haka take, saƙon mRNA ɗin da ke ciki, wato umarnin da ke koya wa jiki gane cutar, ba ya jimawa a jiki in ba a naɗe shi da kitse ba.

To amma fa kar a ruɗe mu da cewa ƙwayar tana tafiya kai tsaye ta samu ciwo. A 2016 wasu masana a Toronto sun tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi kan dabbobi, suka ga a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na abin da aka tsira ke isa ga ƙarin kansar. Ko kashi ɗaya bai cika ba! Da ƙwayar ta shiga jini sunadaran jini ke manne mata, hanta da saifa su gan ta a matsayin baƙuwa su tace mafi yawanta. Shi ya sa abu zai yi abin mamaki a jikin ɓera, a zo kan mutum sai shiru.

Ni kuma tawa damuwar ta fi wannan kusa. A kwalin AmBisome an rubuta kar ya wuce digiri 25. A Maradi, watan Afrilu da Mayu, digiri 42 ba labari ba ne, kwanon rufi na ƙara zafi da rana, kuran ya ɗauke, gurup ba mai, kilim ya tsaya ka ji magazin ya koma gidan burodi, kuma ba mu manta 2023 ba da Najeriya ta yanke mana wuta watanni. Allurar Pfizer kuwa da ta fito digiri 70 ƙasa da sifili take so. A Dakoro ko Mayahi wa ke da wannan firigon? Sannan AmBisome ba a haɗa shi da ruwan gishiri, sai na sukari, in infirmiye bai samu horo ba ya ɗauko serum ɗin da ke kusa an yi asarar kwalba mai tsada.

Ga wuyar haɗawa. Parasetamol kowane kamfani na iya bugawa, amma liposom sai girman ƙwayoyin ya zo daidai a kowane zubi, shi ya sa masu yi kaɗan ne kuɗin kuma ya ƙi sauka. A 2011 masana'anta ɗaya da ke yin Doxil a Ohio ta samu matsala, Amurka da kanta ta shiga ƙarancinsa, sai da ta buɗe ƙofa aka shigo da irinsa daga Indiya a 2012. In su sun rasa ina ga mu.

Abin da ke sa ban fid da rai ba shi ne MenAfriVac, rigakafin sanƙarau da aka fara a Burkina da Mali da Nijar a 2010. Ba nano ba ce, amma tun farko da mu aka yi lissafinta, Serum Institute na Indiya ya yi ta a ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura, daga baya aka tabbatar tana jure digiri 40 har kwana huɗu ba ƙanƙara, ma'aikaci ya ɗora ta bayan moto ya shiga ƙauyuka. Sanƙarau nau'in A da ke kwashe mana yara duk rani kusan ya ɓace. Irin wannan lissafin nake so masu nano su yi tun suna cikin labo, su sa zafi da kuɗi a gaba, ba sai an gama a zo ana neman wanda zai ba mu tallafin firigo ba.