Yau na yaye ƴaƴan fulawata

Asabar, tsakiyar hunturu, a ƙauyenmu gefen Ringim.

Bayan sallar asuba sanyi ya hana ni komawa barci, sai na ja mayafi na nufi gindin dalbejiyar tsakar gida inda na jera tukwanen fulawata. Ƙura ta kwanta a ganye, kana iya rubuta sunanka da yatsa. Wadda na fi ji da ita kuwa, wata fulawa mai suna bromeliyad da na sayo bara wajen masu fulawa na bakin titi a cikin Kano, ta kusa gamawa. Jan kan nan nata da ya yi watanni yana ɗaukar ido ya koma kamar busasshen zoɓo.

Da ta fara yaushi na sha na kashe ta ne da ruwan burtsatse, don yana bar mata farin tabo a ganye. Ashe halittarta ce haka. Irin nan da ake kira Guzmania sau ɗaya tak take fure, daga nan sai ta yi ta ja da baya a hankali, ƴaƴa na tsirowa daga gindinta. Tawa uku ta fitar.

Ina durƙushe da wuƙa Inna, surukata, ta fito da carbi a hannu.

"Ke ƴar nan, har yanzu kina fama da abarbar nan da ta ƙi haihuwa?"

Na ce, "Inna, ai kin canka, danginsu ɗaya da abarba."

"To ita abarba ana sha. Wannan fa?"

Na rasa amsa, sai dariya. Na dai gaya mata asalinsu nahiyar Amurka ne, irin dazuzzukan Brazil, in ban da guda ɗaya da ake samu a duwatsun ƙasar Gini. Da yawansu ma a kan reshen bishiya suke rayuwa. Ta ce, "Au, kauci ne ashe." Ba kauci ba ne. Kauci tsotsar bishiya yake yi, ita kuwa wurin zama kawai take ara, saiwarta ta riƙo ce. Ruwanta a ɗan ƙoƙon da ganyenta suka haɗa a tsakiya take tarawa, shi ya sa nan nake zuba mata, ƙasar kuwa ɗan danshi ya ishe ta.

Ƙoƙon nan ya taɓa haɗa ni da maigida. Da damina ya leƙa ya ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil a ciki, ya ce ko ni ko tukwanen. Tun ranar duk mako nake karkata su in zubar da tsohon ruwa in sa sabo.

Ƴaƴa biyu sun kai kusan rabin tsawon uwar, su na cire. Na wanke wuƙa, na tone gindin da yatsa har na ji inda suka manne, na yanka dab da jikinta. Hannuna har rawa yake. Ɗaya ta fito da ƴan saiwoyi farare, ɗayar ba ko ɗaya. Ƙaramar na bar ta ta ƙara shan nono.

Ƙasar gona ban ko kalle ta ba, riƙe ruwa take yi ta ruɓar da gindi. Na farfasa gawayi da ɓawon bishiya, na haɗa da ƙaiƙayin shinkafa da ɗan yashi, na zuba a ƙananan tukwanen ƙasa da na huda wa gindi. Mara saiwar na tokare ta da tsinken kara don kada ta kife.

Da la'asar akuyar maƙwabta ta shigo ta ture tukunya ɗaya. Ba ta ci ba, Allah Ya taimake ni. Na sake dasawa, na ɗora duka biyun a kan tsohon turmin Inna, ba ta ce komai ba.

Abin da ke raina yanzu bazara ce. Rana ɗaya ta Afrilu in ta same su kai tsaye ta isa ta ƙone ganyen, don haka na roƙi ƙanena ya kawo zana gobe mu yi musu rumfa. Ruwan saman da na tara musu da damina kuma saura jarka ɗaya da rabi. Na ɓoye su a bayan ƙofar ɗaki kada yara su yi wanki da su.